Magani na kwantar da mai taɓin hankali, amma wa zai mayar da shi cikin mutane?

A gidaje da dama labarin iri ɗaya ne. An kai saurayi asibiti, an yi masa allura, ya daina ihu da jin muryoyi, iyaye sun samu barci. Bayan 'yan makonni sai a ga jikinsa ya sandare, hannunsa na karkarwa, miyau na dalala, ko gaisuwa ba ya son amsawa. Uwa ta ce, "Likita, wannan magani ya fi ciwon wahalar da shi." Sai a daina ba shi a ɓoye, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, daga nan kuma sai gidan mari.

Ban ga laifin uwar nan ba. Magungunan da suka fi araha, irin su chlorpromazine da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, da haloperidol na 1958, suna da wannan illa, likitoci kuma sun sani. Shi ya sa ake haɗa su da benzhexol don rage karkarwa, wanda shi kansa ya zama abin maye a hannun wasu matasa. Sababbi irin su olanzapine sun rage sandarewar, amma suna kawo ƙiba da barazanar ciwon sukari, ga tsada. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, ba sa samun sauƙi sosai da waɗannan magunguna. Clozapine da ke taimakon irinsu yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, abin da talakan ƙauye ba zai iya jurewa ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: daina magani ba tare da sanin likita ba haɗari ne babba. Damuwata ita ce mun mayar da ƙwayar ta zama jinyar baki ɗaya. Magani na iya kashe muryoyin da mutum ke ji, amma ba ya mayar masa da sana'arsa, ba ya hana unguwa kiransa mahaukaci.

Abin takaici, a Najeriya aka taɓa nuna wa duniya wata hanya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti yana kuma taɓa aikin hannu. Yau likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wanda ya zo daga nesa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna minti kaɗan yake samu a gaban likita.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Gwamnonin Arewa su ɗauke ta da muhimmanci: a horar da ma'aikatan asibitocin unguwa su riƙa bin majinyaci gida, su yi wa iyalinsa bayanin illar magani tun kafin ta bayyana, a kuma saka waɗannan magunguna cikin inshorar lafiya ta jiha.