"Ni kaina ba ya ɗauka": maganar da muke gada daga gida

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin manya, masu gemu da masu 'ya'ya, kuma tana damuna ƙwarai: "Ni kaina ba ya ɗaukar lissafi." Wani ya ce shi ba ya iya magana a gaban jama'a. Wata ta ce su a gidansu ba su da sa'a. Suna faɗa hankali kwance, kamar mai faɗin tsawonsa ko launin fatarsa, abin da aka haife shi da shi.

Ku lura da yarinyar da ke sayar da awara a bakin titi. Mutum uku za su tsaya a kanta lokaci guda, wannan ya miƙa dubu ya ce a ba shi ta ɗari uku da hamsin, wancan ya ce a cire bashin jiya, hannunta ɗaya na juya awara a mai, ta ba kowa canjinsa daidai ba tare da biro ko waya ba. Ita ce kuma gobe za ta zauna a aji, malami ya rubuta lissafi a allo ta sunkuyar da kai, domin tun tana aji biyu ake ce mata daƙiƙiya. An faɗa an maimaita, har ta karɓi maganar ta ci gaba da faɗa wa kanta. Yanzu ba ta buƙatar kowa ya zage ta.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura da irin wannan tun shekarun 1960 a wurin masu fama da ciwon damuwa. Ya ga akwai tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, cikin sauri, ba tare da sun gayyato su ba: ba zan iya ba, kowa ya fi ni, ko na gwada banza ne. Mutum ba ya tsayawa ya bincike su, sai ya ɗauke su gaskiya ya yi aiki da su. Wanda ya yarda zai faɗi jarrabawa ba zai buɗe littafi ba, in ya faɗi kuma sai ya ce ai dama na faɗa. Hanyar maganin da Beck ya kafa ta ginu a kan koya wa mutum ya kama tunanin, ya tambaye shi ina hujjarsa.

Har yabo ma yana da nasa tarkon. A 1998 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam, Carol Dweck da Claudia Mueller, sun gwada yara 'yan aji biyar: wasu aka yabe su da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yabi ƙoƙarinsu. Waɗanda aka ce wa masu ƙwaƙwalwa ne suka fi gudun aiki mai wuya, suka fi saurin karaya da abin ya gagare su.

Mu kuwa muna da wannan darasi a addini tun tuni. Annabi (SAW) ya hana camfi, yana son kyakkyawan fata. Ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, kuma ya hana mu zama muna "da na yi kaza da kaza", domin tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Amma nawa ne daga cikinmu ke kwana suna tashi da "da na sani"?

Ba ina cewa tunani kaɗai zai cika tukunya ba. Yaron da ya zo makaranta da yunwa, a ajin da ya haura mutum ɗari, matsalarsa ta wuce abin da ke ransa, kuma zalunci ne a ce masa laifinsa ne. Wanda damuwa ta kwantar kuma, asibiti ya kamata a kai shi, ba a tsaya ana ce masa imaninsa ne ya yi rauni ba.

Roƙona ga iyaye da malamai, har na Islamiyya: in yaro ya kasa, a faɗi abin da ya kasa, kada a raɗa masa suna. "Ba ka gane rabawa ba tukuna, zo mu sake" daban take da "kai ba ka da kai". Kai kuma babba, ranar da ka ji zuciyarka ta ce ba za ka iya ba, ka tsaya ka tuna a bakin wa ka fara jin wannan magana, kana ɗan shekara nawa, kuma ko ka taɓa gwada abin da gaske tun daga ranar.