Amurka ta ƙi kawo lissafin hayaƙinta, wa zai tuhume ta?

A watan Afrilun 2025 wa'adin miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin shekara-shekara na iskar da ke ɗumama yanayi ya cika, Amurka ba ta kawo nata ba, kuma duniya ta yi gum. Ƙasar da ta fi kowacce tara hayaƙi a sararin samaniya tun farkon zamanin masana'antu ke nan.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna wahalar da aka sha kafin a samu ma'auni guda. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ta ce kowa ya bayyana abin da yake fitarwa, taron sauyin yanayi na Katowice a 2018 ya tsara ƙa'idoji, ya kuma sa ƙarshen Disambar 2024 a matsayin wa'adin rahoton farko na sabon tsarin, sai a taron Glasgow a 2021 aka amince da jadawali iri ɗaya da kowace ƙasa za ta cike. Amurka na cikin waɗanda suka fi matsa wa China da Indiya lamba su shiga wannan tsari.

Masu cewa jadawalin ya warware matsalar suna yaudarar kansu ne. Mudu ɗaya ba ya hana tauye awo idan mai hatsi ne ke aunawa shi kaɗai a ɗakinsa. Hayaƙin rundunonin soja, wanda Amurka ta sa aka yi wa sassauci tun a taron sauyin yanayi na Kyoto a 1997, har yau ba a tilasta wa kowa ya ware shi ya bayyana ba. Man jiragen sama da na ruwa masu ƙetare iyakoki ba ya shiga jimillar kowace ƙasa. Sai kuma dazuzzuka, inda ƙarya ta fi samun wurin kwana: ƙasa ta ce itatuwanta sun shanye kaza, ta cire daga lissafinta. Binciken jaridar Washington Post na 2021 ya gano giɓin da ya kai tan biliyan 8.5 zuwa 13.3 a shekara tsakanin abin da ƙasashe ke faɗa da abin da suke fitarwa, ya kuma kafa misali da Malesiya.

Hujjar masu cewa tilasta bayyana lissafi ya saɓa wa 'yancin kan ƙasa ba ta cancanci dogon martani ba, domin hayaƙin wani ne ke ƙona gonar wani.

Ya kamata a riƙa gwada alƙaluman gwamnatoci da abin da tauraron ɗan'adam ke gani, a kuma tilasta bayyana hayaƙin soja. Ƙasar da ta ƙi kawo rahotonta kuwa, a hana ta bakin magana kan rahoton wasu.