Katin inshora ba ya buɗe ƙofar kowane likita

Yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa mai katin inshorar lafiya ta NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a Najeriya, zai iya zuwa wurin kowane ƙwararren likita a duba shi kyauta. Ba laifinsu ba ne, tunda ana cire musu kuɗi.

Amma tsarin hawa-hawa ne. Ana farawa daga asibitin da mutum ya zaɓa lokacin rajista. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta takardar turawa, kamfanin HMO, wato kamfanin da ke kula da biyan asibitoci kuɗin masu inshora, ya ba da lambar amincewa, don kada ƙananan ciwo su cika layin ƙwararru.

Misali, ma'aikacin da ya tafi kai tsaye wurin likitan zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano, babu takarda, kuma ba larurar gaggawa ba ce, daga aljihunsa zai biya.