A Faɗa Mana Wanda Ya Biya Kuɗin Shirin

Tun da gwamnatin Kano ta sanar, a watan Mayun 2025, cewa an dakatar da gabatar da shirye-shiryen siyasa kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin na jihar, nake jin wasu abokan aikinmu suna tafi. Kwamishinan Yaɗa Labarai, Ibrahim Abdullahi Waiya, shi ya fito da bayanin bayan wani zama da shugabannin kafafen yaɗa labarai: duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai yi zagi ko ɓata sunan wani ba, masu gabatar da shiri kuma an ja musu kunne kan tambayoyin tsokana. Dalilin da aka bayar shi ne kare tarbiyya da mutuncin jama'a. Gwamnati ba ta ba ni mamaki ba, don ban san mai mulkin da ba ya son a yi masa shiru ba. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne 'yan jaridar da suka fito suna cewa yanzu ne za a dawo da ɗa'ar aiki, a tsabtace sana'ar daga sojojin baka da yaran soshiyal midiya.

Ba na kare sojojin baka. Duk mai kunna rediyo da dare a Kano ya san irin abin da ke fita daga bakin wasunsu: habaici, gori, tonon asiri, wani lokacin har a taɓo iyayen mutum da iyalinsa. Abin kunya ne, kuma akwai kotu domin wanda aka ɓata wa suna. Amma akwai abu ɗaya da sojan baka yake yi wanda da yawa daga cikin masu kiran kansu ƙwararru ba sa yi. Kafin ya fara ɓarin magana sai ya miƙa gaisuwa ga maigidansa, ya ambaci sunansa, ya jero masa kirari, ya yi masa fatan ɗorewa a kan kujera. Mai shayi da ke sauraro ya riga ya san yaron wa ke magana, ya kuma san yadda zai auna abin da ya ji. Ba a yaudare shi ba.

Yaudarar tana cikin labaran da ake karantawa da murya mai natsuwa, da Hausa mai tsabta, babu zagi ko ɗaya. A can ne ake ɗauko takardar da ofishin wani mai mulki ya rubuta ya yabi kansa, a biya gidan rediyo kuɗin sakawa, a karanta ta a tsakiyar labaran duniya tamkar wakili ne ya je ya gano da idonsa. Mai sauraro ba shi da hanyar bambance labarin da aka nemo da wanda aka saya. Wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne a cikin sana'ar. Gidaje da dama suna da farashinsu na zuwa ɗaukar taro, kuma wanda bai biya ba, taronsa bai faru ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa taron manema labarai ya san takardar nan da ake zagayawa da ita, kowa ya rubuta sunansa da gidan da ya fito. Ba don tarihi ake rubuta ta ba. Idan mai girma ya gama jawabi aka ba da damar tambaya, sai wani ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a za su so su ji sirrin wannan gagarumar nasara da ka samu." Mai girma ya yi murmushi ya ɗauki minti goma yana amsawa. An tashi taro, amma ba wanda ya nufi ƙofa. Ana tsaitsaye a baranda, ana duba waya, ana hirar da ba ta da kai, har sai wani hadimi ya ja mutum ɗaya gefe ya damƙa masa saƙo. Kuɗin mota ake ce masa, ko na mai. Da yamma labarin zai fita a gidaje biyar da kalmomi kusan iri ɗaya, kuma a cikin biyar ɗin ba wanda zai tambayi nawa aka kashe a aikin, ko wa aka ba kwangilar. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Ba sabuwar doka ake buƙata ba kafin a san wannan haramun ne a aikin. Kundin ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, wanda ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilorin a 1998, ya hana ɗan jarida neman ko karɓar wani abu don ya buga labari ko ya danne shi. Ya kuma ce neman kuɗi kafin a buga labari ya saɓa wa ma'anar labari ita kanta. Shekaru sun haura ashirin da biyar da rubuta wannan. A nuna mini taron da aka kira na gaggawa a kansa, ko takardar alkawarin da aka sa wani edita ya sa wa hannu.

Na san amsar da za a ba ni, don kullum ita ce: albashi. Gaskiya ne akwai gidajen da ke tara wa ma'aikatansu bashin watanni, akwai ma waɗanda katin shaida kawai suke ba yaro su ce ya je ya nemi na kansa. Ina tausayin wakilin da ke wannan hali, kuma laifin maigidansa ya fi nasa girma. To amma wanda ya yarda yunwa ta zama uzuri gare shi, da wane baki zai hana ta zama uzuri ga yaron da ake tura wa kuɗin data ya yi rubutu a Facebook?

Su ma yaran ba tsarkaka ba ne. A watan Janairun 2023, gab da babban zaɓe, BBC ta fitar da wani bincike da ya nuna jam'iyyun siyasa suna biyan masu ɗimbin mabiya a shafukan sada zumunta a asirce don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, har aka ambaci kuɗin da ya kai naira miliyan 20, ban da alkawarin muƙami da kwangila. Abin da ya sa wannan ya zama ha'inci shi ne kalmar nan guda, a asirce. Da mai shafin zai rubuta a sama cewa jam'iyya kaza ce ta ɗauke shi aiki, da ya zama mai talla, kuma talla sana'a ce halal. Cutar da ke damun mai shafi ita ce ke damun mai makirufo, illa dai ɗaya yana da katin ƙungiya, ɗayan ba shi da shi. Masu cewa a yi wa masu shafuka rajista a ba su lasisi, su fara gaya mana abin da lasisi ya gyara a gidajen da suka daɗe da shi.

Sai kuma batun adalci da rashin ɗaukar ɓangare, wanda muka mayar da shi jimla guda da ake liƙawa a ƙarshen rahoto: "Duk ƙoƙarin da muka yi na jin ta bakinsa ya ci tura." Sau da yawa ƙoƙarin bai wuce kira ɗaya ba, ana saura minti kaɗan a shiga labarai. Wani salon kuma shi ne a ce gwamnati ta ce an kammala aikin asibitin, 'yan adawa sun ce ba a kammala ba, a rufe rahoto a nan, a ce an yi adalci. Asibitin nan gini ne, yana tsaye a wani wuri. Ɗan jarida ya hau Adaidaita Sahu ya je ya gani mana: akwai rufi? An sa gadaje? Akwai ma'aikacin jinya ko ɗaya a ciki? Idan ya dawo ya faɗi abin da ya gani, ɓangare ɗaya zai ji haushi, kuma za a ce ya yi son kai. Jera maganganun mutum biyu ba tare da an bincika wanne ne ya yi ƙarya ba ya fi sauƙi, ya fi arha, ba ya kuma hana a gayyace ka taro na gaba. Shi ya sa muka fi son sa, muka kuma laƙaba masa sunan ƙwarewa.

Wannan ne ya sa batun hana "tambayoyin tsokana" ya fi komai tsaya mini a rai. Wace tambaya ce mai amfani da ba za ta zama tsokana a kunnen mai mulki ba? "Ina kuɗin da aka ware?" tsokana ce. "Me ya sa ɗan'uwanka ya samu kwangilar?" tsokana ce. Idan an cire irin waɗannan, abin da ya rage shi ne tambayar mai gyara hula.

Masu goyon bayan matakin suna cewa magana tana iya tayar da gari. Haka ne, kuma mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. Sai dai su tuna rubutun ɓatancin da ya haddasa rikicin gasar sarauniyar kyau a watan Nuwamban 2002, wanda ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna. Ba a shirin kai tsaye ya fita ba, ba kuma a shafin wani yaro ba. A babbar jarida ya fito, ThisDay, mai editoci da masu duba rubutu kafin a buga. Naɗar shiri kafin a saka ba ya ƙara wa kowa hankali. Abin da yake ƙarawa shi ne 'yan sa'o'i tsakanin naɗa da sakawa, kuma a cikin sa'o'in nan ne wayar manaja take ƙara. Shirin kai tsaye shi ne kaɗai wurin da talaka zai bugo daga ƙauye ya ce famfonsu ya shekara ba ruwa, maganar ta fita kafin wani ya sa almakashi.

A kuma dubi waɗanda hukunci yake faɗa wa a ƙasar nan da sunan ɗa'a. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, aka ce ta kambama ta'addanci, alhali mutanen Zamfara suna binne 'yan'uwansu tun kafin a ɗauki shirin. Sai a watan Mayun 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, don ita ba kotu ba ce. Jaafar Jaafar na Daily Nigerian, da ya fitar da bidiyon zargin karɓar daloli a 2018, zargin da gwamnan Kano na lokacin Abdullahi Ganduje ya musanta, ƙarshenta barin ƙasar ya yi a 2021 saboda tsoron abin da zai same shi. A ƙarshen 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin kan ɓata sunan gwamna. Ni dai ban taɓa jin an ci tarar gidan rediyo don ya zuga mai mulki da ƙarya ba, ko an dakatar da shiri don ya ce an gina titin da ba a gina ba. Ɗa'ar da ake nema a wurinmu kullum gefe ɗaya take kallo.

Abin dariyar ma, mutanen da ke riƙe da Kano a yau sun fi kowa sanin amfanin waɗannan shirye-shirye. A shekarun da suka yi suna adawa da gwamnatin Ganduje, rediyo ne dandalinsu, kuma ba da sanyin murya suke magana ba. Da an toshe kafar a wancan lokaci, da su ne na farko wajen kiran abin danniya. Ban da haka, lasisin gidan rediyo daga NBC yake fitowa, hukumar tarayya, ba daga ma'aikatar yaɗa labaran jiha ba. Shugabannin kafafen da aka ce da su aka zauna aka yanke wannan shawara, su ya kamata su yi wa masu sauraronsu bayanin abin da ya sa suka miƙa wuya da sauri haka.

Idan gyara ake so da gaske, ga inda za a fara, kuma bai kai wahalar rufe shiri ba. Duk shirin da aka sayi lokacinsa, a faɗi sunan wanda ya saya a farko da ƙarshe. Duk sanarwar da aka biya, a fitar da ita daga cikin labarai a kira ta talla. Mai shafin da ɗan siyasa ke ɗaukar nauyinsa ya rubuta haka a inda kowa zai gani. Gidan da ba ya biyan albashi, ƙungiyar 'yan jarida ta fallasa shi da suna maimakon ta riƙa kai masa lambar yabo. Wanda aka zaga kuma ya tafi kotu.

Takardar alkawarin nan ma ba sai an yage ta ba. A ƙara mata layi ɗaya a ƙasa, inda baƙon zai rubuta wanda ya biya kuɗin shigarsa, mai gabatarwa ya karanta wa jama'a kafin a fara. Ita kuma ma'aikatar yaɗa labarai, tunda ita ta ɗauko maganar tsabta, ta buga jerin kuɗin da gwamnati ke kashewa a kowane gidan rediyo da talabijin a shekara, na talla da na ɗaukar nauyin shirye-shirye, gida-gida, da adadin kowanne.