Tafi ba ya biya wa yaran riƙo kuɗin ɗaki

Majalisar dokokin jihar Teksas ta Amurka ba ta zama kullum. Kwana 140 kacal doka ta ba ta a cikin shekara biyu, kuma a wannan ɗan lokaci ne za ta gama kasafin kuɗi da muhawara kan haraji da makarantu da tsaron iyaka. Duk da ƙarancin lokacin, da wuya a yi zama ba a ware ɗan lokaci na karramawa ba. Ɗan majalisa zai tashi ya karanta ƙudurin yabo, ya ce wa baƙin da ke zaune a benen 'yan kallo su miƙe, a yi musu tafi, a ɗauki hoto. Cikin waɗanda ake yawan yi wa wannan akwai iyalan da ke riƙon yaran da hukuma ta raba da iyayensu, da kamfanonin da ke ɗaukar tsofaffin sojoji aiki.

Duka biyun sun cancanci yabo, yaba kyauta kuwa tukwici ne. Damuwata ita ce abin da ke biyo bayan tafin, domin a nan ne hanyar ɓangarorin biyu ta rabu.

A 2011, lokacin da sojoji ke ta dawowa daga Iraƙi da Afganistan, rashin aikin yi a tsakaninsu ya kai kusan kashi 12 cikin 100. Majalisar tarayya ba ta tsaya ga jinjina ba. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta ba kamfani ragin haraji har dala 9,600 idan ya ɗauki tsohon sojan da ya naƙasa a bakin aiki kuma ya daɗe yana zaman kashe wando. Tun 1994 ma akwai dokar da ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa bakin aiki idan ya dawo daga aikin soja. Sai a 2017 aka ƙirƙiro lambar yabo ta tarayya wadda Ma'aikatar Ƙwadago ke bayarwa. Teksas ma tana da nata tsarin, inda kamfanin da kashi 10 cikin 100 na ma'aikatansa tsofaffin sojoji ne yake samun tambarin da zai manna a ƙofarsa. Kuɗi da doka ne suka riga, lambar yabo ta zo daga baya. A 'yan shekarun nan rashin aikin tsofaffin sojoji ya sauko zuwa wajen kashi 3. Farfaɗowar tattalin arziki ta taimaka, babu shakka, amma ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Yaran riƙo kuwa nasu ya zo a juye. Tun 1988 Shugaba Reagan ya ayyana Mayu a matsayin watan tunawa da su. A 2011 aka kai gwamnatin Teksas ƙara a madadin yaran da suka daɗe a hannunta, kuma a watan Disamba na 2015 Mai Shari'a Janis Jack ta yanke hukunci cewa tsarin ya keta haƙƙin da kundin mulki ya ba su, saboda yawan cin zarafi, da ɗirka musu magungunan ƙwaƙwalwa, da yawo da su daga wannan gida zuwa wancan. Shekara biyar da rabi bayan hukuncin, a tsakiyar 2021, an yi watan da yara sama da 400 suka rasa gidan da za a kai su. Wasu a ofisoshin hukumar kare yara suka riƙa kwana. Majalisar jihar ta haramta kwanan ofis, sai aka koma da su otal, ma'aikata na yin karɓa-karɓa wajen gadinsu bayan sun gama aikin yini. A ƙaddara yarinya 'yar shekara 15, kayanta a cikin leda, kowane dare da sabuwar fuskar da ke zaune a bakin ƙofarta.

Ba talauci ne ya kawo wannan ba. A 2023 jihar ta shiga zaman majalisa da rarar kusan dala biliyan 33, aka ware kimanin biliyan 18 don rage harajin gidaje da filaye. Masu kare matakin suna da hujja, domin harajin ya yi wa magidanta nauyi, kuma an ƙara wani abu a kasafin riƙon yara. Sai dai a Afrilun 2024 alƙaliyar ta ci jihar tarar dala 100,000 a kowace rana kan gazawa wajen binciken koke-koken cin zarafi. Jihar ta ɗaukaka ƙara, kuma a watan Oktoba kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar ta kuma cire alƙaliyar daga shari'ar. Gwamnati ta yi nasara a kotu, amma nasarar ba ta samar wa yaro ko ɗaya gado ba.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Tsohon soja yana da ƙuri'a, yana da manyan ƙungiyoyi irin su American Legion da ke bin 'yan majalisa ofis-ofis. Ɗan shekara tara da aka ɗauke daga gidansu da tsakar dare ba shi da ko ɗaya.

Ga abin da ya kamata a sa a gaba. Na farko, dangi. A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne kaka ko goggo ta ɗauki ɗan 'yar'uwa ta riƙe, kuma ko a Amurka an yarda yaro ya fi samun natsuwa a hannun nasa. Amma dokar Teksas ta 2017 ta ƙayyade tallafin dangin da ba su da lasisin riƙo a rabin abin da ake ba bare. Kakar da ke zaune kan kuɗin fansho ita ce aka ba rabi. Sannan gwamnatin tarayya, wajen tantance yaron da za ta taya jiha ɗaukar nauyinsa, har yanzu da ma'aunin talauci na 1996 take aiki, ba tare da la'akari da tsadar rayuwa ba, shi ya sa adadin yaran da suka cancanta ke ta raguwa.

Akwai kuma wanda ya fi ci mini rai. Binciken 'yan jarida a 2021 ya nuna yawancin jihohi na karɓe kuɗin da gwamnatin tarayya ke biyan marayu da naƙasassun yaran da ke hannunsu, su ce sun fanshe abin da suka kashe wajen riƙo. A 2018 kaɗai kuɗin ya haura dala miliyan 165, kuma a wasu jihohin har da haƙƙin yaran da iyayensu suka mutu a aikin soja. Yawancin yaran ba su ma san da kuɗin ba sai bayan sun cika shekara 18 an sallame su. Kotun Ƙoli ta halatta hakan a 2003, don haka gyaran yana hannun 'yan majalisa. Jihar Arizona ta yi shi a 2023, ta hana hukuma fanshe kuɗin riƙo daga ciki, ta ce a ajiye wa yaron abinsa har ranar da zai fita neman ɗakin haya.