Ba kowace dariya ce wasan taubasai ba

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannena da suka shigo jami'a bana, akwai abin da ya daɗe yana cina, yau zan amayar da shi.

Bara muna da fada a ƙofar gidan da muke haya a unguwar Harobanda, nan Yamai. Cikinmu akwai wani ɗan wajen Abalak, baƙar fata ne, Tamajak ne harshen gidansu, kuma duk cikinmu babu mai hannun shayi kamarsa. Wani dare yana sheƙa shayi na biyu tsakanin kofuna, kumfa na tashi, sai ɗayanmu ya ce masa: "Kai Buzu, iyayengijinka sun san ka zo boko kuwa?" Muka kwashe da dariya. Har da ni. Shi ma ya yi murmushi, ya miƙa wa kowa kofinsa, ya wanke butarsa. Daga ranar bai sake zama da mu ba. Na yi wata guda ina ce wa kaina ai wasa ne, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Mun san wasan taubasai, da shi muka tashi. Bagobiri ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya tsokani Babarbare, kowa ya rama, a watse ana raha. Har UNESCO ta sanya wannan al'ada tamu cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma sharaɗinsa a fili yake: wanda ka jefa yana da abin jifanka. Wanda ka kira bawa, da me zai rama? Wanda ka goranta wa cewa kakansa maƙeri ne ko mahauci, me ka bar masa ya ce? Ka taka masa gyambo ne, sannan ka sa shi dole ya yi murmushi don kada a ce ba ya son wasa.

Gyambon nan kuwa ɗanye ne. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum babban laifi, bayan shekarun da ƙungiyar Timidria ta yi tana fafutuka tun kafuwarta a 1991. Hadizatu Mani, 'yar jihar Tawa, tana da shekara 12 aka sayar da ita a kan jikka 240 a 1996. A nan Yamai kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a 2008, ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta sa a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Wannan ba zamanin kakanni ba ne. Wataƙila wanda kuke zaune benci ɗaya da shi a amfi, babban zauren darasi, uwarsa ta ɗanɗani irin wannan, bai dai faɗa maka ba.

Mu Hausawa nauyin ya fi hawa kanmu, don mu ne masu yawa, kuma mai yawa ba ya jin nauyin ƙafarsa. Tun da kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, na ji wasunmu suna ɗaga kafaɗa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai ku duba yadda muke yi idan malami ya raba mu aikin rukuni: mu huɗu mu karkata cikin Hausa, mu yanke komai, Batube ɗan Bilma ko Bagurme ɗan wajen Makalondi yana zaune da biro a hannu, ba wanda ya juya ya fassara masa. Gobe mu ce ba ya sa hannu a aiki. Haka lokacin zaɓen shugabannin ɗalibai, kafin a tambayi me mutum zai iya, an riga an tambayi ɗan wace jiha ne. Makahon da ke laluben matakala da sandarsa kuwa, mu wuce shi muna latsa waya.

Kullum muna tsallaka gadar Kenedi. A kanta aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma waɗanda suka fito maci ranar ba a jera su ƙabila ƙabila ba. Duk shekara muna taruwa tunawa da su, mu dawo ɗaki mu ci gaba da tambayar asalin juna. Abdu Mumuni da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda hasken rana zai amfani ƙasar nan gaba ɗayanta.

Abin da nake roƙonku ba shi da tsada. Idan an yi irin wannan maganar a gabanka, kada ka yi dariya, kuma kada ka bari sai an watse. Ka kira mai maganar da sunansa, ka ce masa wannan ba wasa ba ne. Za a yi tsit, za a ce ka cika zafi, ka daure.

Ni sai bayan wata biyu na iya zuwa ɗakin abokin nan namu. Na same shi yana bitar darasi, na ba shi haƙuri. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ba maganar ce ta fi ƙona masa rai ba, ya saba jinta tun yana firamare. Muryata da ya ji cikin masu dariya ce.