St Andrews ba Samaru ba ce

Duk wanda ya yi zaman Samaru ya san garin da jami'a ta riƙe. Tun da aka buɗe ABU a 1962, kasuwa da gidajen haya da masu shayi suka yi ta tsirowa a bakin ƙofarta, ɗalibai na ƙaruwa, gari na miƙe ƙafa. Da wannan hoton a ka 'yan'uwa da yawa ke neman gurbi a ƙananan garuruwan jami'a na Birtaniya, suna cewa ai ƙauye ne, babu hayaniya, haya ma za ta yi sauƙi. Hayaniya dai babu. Maganar sauƙin haya kuwa, a sake lale.

Misali St Andrews, a gabar tekun gabashin Scotland. Jami'arta ta samo asali tun 1413, ita ce mafi tsufa a Scotland. Tsakiyar garin manyan tituna uku ne, North Street da Market Street da South Street, a ƙafa kake gama su. Samaru tana da filin da za ta faɗaɗa, nan kuwa teku ta tare gefe guda, filin golf ya tare wani gefen, tsofaffin gine-ginen kuma doka ta hana a rushe su. Ga ɗalibai wajen dubu goma, ga baƙi masu kuɗi da ke zuwa don golf, kowa na neman wurin kwana. Gidan da mutum uku ko fiye waɗanda ba dangin juna ba za su zauna sai da lasisi na musamman, HMO, kuma ƙaramar hukumar Fife ta tsuke bayar da sabo. Shi ya sa ɗalibai da dama ke ƙarewa a Dundee ko Guardbridge ko Cupar.

Don haka ranar da takardar gurbi ta iso, ranar za ka fara neman ɗakin jami'a, kada ka jira biza. In gidan ɗan kasuwa ne, nemi lambar rajistar mai gidan ka duba ta a intanet, domin doka ta wajabta masa rajista. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata biyu, kuma dole ya miƙa shi ga asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwanakin aiki 30. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne mai tsaya musu, wato mazaunin Birtaniya da zai sa hannu cewa zai biya idan ka gaza. Wanda ba shi da shi sai a nemi ya biya hayar watanni a dunƙule. Ranar shiga ka ɗauki hoton komai, har tabon kafet, don da shi za ka ƙwaci ajiyarka ranar fita.

Jirgin ƙasa ba ya shiga garin. A Leuchars zai sauke ka, ka hau bas mai lamba 99, ita ce kuma ke kai ka Dundee cikin kamar rabin awa. Haddace wannan lamba, domin babban masallaci da mahautan halal da shagunan da za ka samu manja da doya duk suna Dundee. Wanda bai kai shekara 22 ba yana iya neman katin hawa bas kyauta. Babu achaba, babu Keke Napep, babu mai tsire da ƙarfe goman dare.

Abin da ya fi karya mutum shi ne duhu. A Disamba rana na faɗuwa wajen uku da rabi, azahar da la'asar da magariba duk su cunkushe cikin awa huɗu, a tsakiyar lacca. A Yuni kuma sai wajen goman dare. Hukumar lafiya na ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma duk shekara.

Su kuma al'adun garin da ake ta tambaya a kansu, a ganina su ne mafi ƙarancin damuwa. A North Street akwai haruffa PH da aka jera da duwatsu a ƙasa, inda aka ƙona wani mai wa'azin Kirista, Patrick Hamilton, a 1528 saboda aƙidarsa. Za ka ga ɗalibin kimiyya ya zo da sauri, ya kauce musu, wai wanda ya taka zai faɗi jarrabawa. Maganin takawa kuma shi ne faɗawa cikin teku mai sanyin ƙanƙara da asubahin 1 ga Mayu. Ashe camfi ba na kakanninmu kaɗai ba ne. Akwai jajayen alkyabbu da ake sawa a taka gadar bakin teku ranar Lahadi, akwai bikin Raisin, inda manyan ɗalibai ke zama "iyayen" sababbi, a ƙare da watsa wa juna kumfar aski. Ana shan giya sosai a bikin, amma ba wanda zai tilasta maka, ka ce ba ka sha a wuce wurin. Su 'ya'yan goyon ma sukan amfana, domin "uwa" ko "uba" ne ke fara jin labarin gidan da za a bari a shekara mai zuwa.

Waɗanda ba su da kunya su ne manyan fararen tsuntsayen teku. Kada ka ci kifi da dankali a tsaye a fili, ta bayan kafaɗa suke zuwa.